Bargo Mai Nauyi daga Hong Kong

Guimaras, watan Yuni

Zuwa ga gwaggona, Tiyay Petring,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Mu dai nan ƙalau muke. Yayanki, babana Tatay, ya ce in gaishe ki, in kuma gaya miki injin kwale-kwalensa ya daina tari. Shi ne dai bai daina ba. Kakata Lola Saling tana zaune a gefena yanzu haka, tana leƙen takardar kamar ta iya karatu. Ta ce in rubuta wa 'yarta cewa gwiwarta ta warke. Ban yarda ba, amma na rubuta.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san halin mahaifiyarki. Ba ta jin waya sosai, ta ce ita takarda take so, wadda za a karanta mata yau a sake karanta mata gobe.

Tiyay, kin tuna kin ce in na shiga shekara ta biyu a jami'a in faɗa miki abin da nake buƙata, kada in ji kunya? To ga ni, kuma kunyar ina jin ta. Malaminmu na zanen gine-gine ya tara mu ya ce daga zangon da zai fara a Nuwamba an gama da fensir da takarda. Duk wanda ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka tasa ta kansa, kada ma ya yi rajistar darasin. In ban yi darasin nan ba sai in jira shekara guda, tallafin karatun da ake ba ni kuwa ba ya jiran kowa.

Na tambayi 'yan ajin gaba da mu, sun ce kada in bi kyau. Ana son mai ƙwaƙwalwa da ƙarfi, wadda manhajar zane ba za ta sandarar da ita ba. Ana son batir mai daɗewa, kin dai san wutar ƙauyenmu, sai ta ga dama take zuwa. Kada kuma ta yi nauyi, tunda kullum sai na tsallaka ruwa zuwa birnin Iloilo, sannan in cusa kaina a jifni, motar hayar nan, da jaka a cinya. Akwai wata 'yar siririya ruwan azurfa da wata 'yar ajinmu take da ita. Na rubuta miki sunanta a bayan takardar nan. Gaskiya ita ce ta kwanta mini a rai, amma ko tsohuwa kika samu, in dai za ta yi zane, zan yi rawa har bakin teku.

Lola ta ce ki daina aiko mata da kaya, kabad ya cika. Wannan kam gaskiya ta faɗa. Tawul ɗin da kika aiko tun ina firamare yana nan a ledarsa, ga takalma, ga turare, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Makullin yana wuyanta tare da carbinta.

Taki,
Doray

*

Hong Kong, watan Yuli

Inday Doray, 'yata,

Takardarki ta same ni a kicin, na karanta ta a tsaye har miyar Madam, matar da nake yi wa aiki, ta kusa kamawa. Lafiyata ƙalau. Bayan ne dai, uwar Madam ta ƙara jiki, ni ce kuma ƙafafunta. Ki ce wa Tatay ɗinki ya bar sigari. Gwiwar Lolarki ki shafa mata man da na aiko, in ba shi ma yana kulle a kabad ba.

Kunyar me, don Allah? Ni na yi miki wankan farko a baho, kika yi mini fitsari a riga, ranar ba ki ji kunya ba sai yau?

Ranar Lahadi na kai maganarki majalisa, can ƙarƙashin gada inda mu masu aikin gida muke shimfiɗa kwalaye mu baje abinci. Ƙawata Manang Belen ta ce a saya miki babba mai fitilu ja da kore irin ta jikanta. Na ce, "Manang, gidaje 'yata za ta zana, ba gidan rawa za ta buɗe ba." Wata ta ce lallai sai ruwan hoda tunda mace ce. Wata ta ce duk wadda ta fi tsada ita ce mai kyau. Mata kusan goma, babu wadda ta taɓa kunna kwamfuta, amma muka yi ta musu har taliyarmu ta huce.

Lahadin da ta biyo na tafi kasuwar kwamfuta ni kaɗai. Mai shagon wani dattijo ne mai sanƙo, ya yi ta zuba mini lambobi, ko ɗaya ban gane ba. Na miƙa masa bayan takardarki. Ya fito da 'yar azurfar taki. Kai, kyau kam akwai shi! Na ce ya kunna mata zane mai nauyi. Can na sa tafin hannuna a ƙasanta, Inday, sai ka ce dutsen guga. Na ce, "Maigida, a nan da kuke da sanyin inji ma ke nan, a garinmu ai sai ta soya ƙwai." Ya ce duk haka suke. Na ce ni ban yarda ba.

Da muka zo maganar batir, kowacce ya ɗaga sai ya ce tana wuni. To ni na san bakin 'yan kasuwa, kifi na sayar kafin in zo ƙasar nan. Na zaɓi guda uku da ya ce za su ɗauki zanenki, na ce ya zare musu waya ya bar su a kunne. Na jawo kujera, na buɗe kwanon shinkafata. Ya zaci wasa nake. Ta farko ta mutu tun ban gama suɗe cokali ba. 'Yar azurfarki ta ɗan yi ƙoƙari, ita ma ta bi ta. Ta ukun ta yi ta kallona ina kallonta har rana ta yi sanyi. Mutumin da ya fara da tsaki ya ƙare da kawo mini shayi, ya kuma kira maƙwabcinsa ya zo ya ga matar da take gadin batir.

Sai na tambayi kuɗinta. Da ya faɗa, na riga na miƙe, sai da na koma na zauna.

Daga nan ba zan ƙara ko kalma ba, tunda na san a gaban Lolarki ake karanta takardar nan. Abu ɗaya zan ce: abin da ranki ya so ba shi za ki gani ba. Na yi iya yina. Kada ki yi fushi da Tiyay ɗinki ranar buɗe kwali.

Kwalin bai cika ba tukuna, kin san ba a sa kwali a jirgin ruwa da sauran wuri a ciki, a hanya zai lotse, a gari kuma a ce Petring ta talauce. Ina ta cusawa. In ya iso ku lalube cikin kowane takalmi kafin ku sa ƙafa. Akwai bargo na Lolarki, ki tabbata ta buɗe shi a ranar. Bana sai na ga ƙarshen taurin kan nan nata.

Tiyay ɗinki,
Petring

*

Guimaras, farkon Oktoba

Tiyay,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya jikin uwar Madam? Ki yi haƙuri da shirun da kika ji. Guguwa ce ta hana jirage tashi, kwalin ya daɗe a tashar Manila. Mu ba abin da ya same mu, rufin kicin ne kawai ya tafi yawo, Tatay ya tsinto shi a gonar mangwaron maƙwabta.

Kwali ya iso, Tiyay! Sai da ƙarti biyu suka taya Tatay sauke shi. Kafin a yanke igiya tsakar gida ta cika, har da waɗanda ba mu gayyata ba. Da aka buɗe, ƙamshin nan na sabulu da sabon kaya ya tashi, Lola ta ce ƙamshinki ne. Ni na tsaya ina karanta sunayen da kika liƙa da salatif, kowa yana amsawa ana tafi. Tatay ya sa rigar ruwansa nan take, cikin rana, ya ƙi cirewa. Naman gwangwani ya kai har gidan limamin coci. Mun lalube takalma kamar yadda kika ce, mun samu cakulan da man goge baki da safa. Ni da kaina na zazzage kwalin har ƙasa, na kife shi na bubbuga.

Lola ta rungume bargonta. Ta ce in rubuta miki cewa tunda take ba ta taɓa ɗaga bargo mai nauyinsa ba, da gani ba ƙaramin kuɗi kika kashe ba, Allah ya saka.

Takalmin da kika aiko mini ya yi mini daidai kamar an auna. Ba ya zamewa a katakon kwale-kwale, ruwa ba ya shiga. 'Yan ajinmu sun yi ta tambayar inda na samu. Jakar nan ta goyo mai hana ruwa ita ma ta yi kyau ƙwarai, ina zuba littattafai a ciki. Na gode, na gode, Allah ya ƙara miki lafiya.

Na sake karanta ƙarshen takardarki, na kuma fahimta. Ban yi fushi ba ko kaɗan, don Allah kada ki sa wa ranki damuwa. Waccan maganar mu bar ta kawai.

Na yi shawara da kaina zan ɗan huta da karatu zango mai zuwa. Ana ɗaukar ma'aikata a wurin busar da mangwaro, na je sun ce in zo a Nuwamba. Ban gaya wa Lola ba, wannan layin ma ba zan karanta mata ba.

Taki,
Doray

*

Hong Kong, tsakiyar Oktoba

Rhodora,

Ina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, don na san bakina ya fi hannuna zafi. Gara in rubuta.

Takalmi! Kusan rabin shafi a kan takalmin da na tsinta a gwanjo. Jaka ma ta samu yabo. Amma kwamfutar da na ba da Lahadina sukutum ina gadinta, wadda Manang Belen ta yi mini dariya a kanta, ita ce "waccan maganar mu bar ta"? Haba, Inday. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kuka a banɗakin Madam, na kunna famfo don kada a ji.

Na sani baƙa ce, na sani ba ta kai ta ƙawarki kyau ba, ta kuma ɗan fi ta kauri. Ai na gaya miki tun farko. Amma ita ce ta wuni ba wuta, ita ce ba ta yi zafi ba, mai shagon da bakinsa ya ce ɗaliban zane ita suke saya. Ki ce mini ba kya so, in san abin yi. Amma don launi ki ajiye karatu ki tafi yankan mangwaro? Shekarun da na yi ina wanke banɗakin mutane ba don haka na yi su ba.

Ita ma Lolarki har da zolaya, wai bargo mai nauyi. Ba dole ya yi nauyi ba? Na naɗe kwamfutar a tsakiyarsa don kada ta fashe a jirgi, kada kuma masu dogon hannu a hanya su gani. Na so ta warware bargon ta ci karo da ita, ta miƙa miki da hannunta, a ce kakarki ce ta ba ki. Jakar da kike zuba wa littattafai kuma ta kwamfutar ce, ita na saya wa.

Ki amsa mini da gaggawa, kafin a rufe rajista.

Petring

*

Guimaras, farkon Nuwamba

Tiyay! Tiyay Petring!

Kowa lafiya, kowa yana gaishe ki, sauran gaisuwar sai a ƙasa, ba zan iya jira ba.

A bakin tashar kwale-kwale na buɗe takardarki. Da na ga kin kira ni da cikakken sunana, Rhodora, na san ranki ya ɓaci. Da na kai wurin maganar bargo sai na ƙwala ihu, har wata mai sayar da ayaba ta zaci an sace mini jaka. Tatay ya riga ya kunna inji, na ce ya kashe. Na bar shi da fasinjoji na hau babur na koma gida.

Tiyay, Lola ba ta buɗe ba! Ranar kwali na karanta mata abin da kika rubuta a salatif, "Nanay, uwata, ki buɗe yau." Ta ce, "Haka take rubutawa kullum." Ta kai shi kabad da ledarsa ta kulle. Ni kuwa a lokacin na gama kife kwali ban ga komai ba, zuciyata ta karye, ba ni da ƙarfin yin musu da tsohuwa a kan bargo. Na ɗauka da kika ji kuɗin kika zauna, shi ke nan ba ki iya saya ba. Ta yaya zan tambaye ki, bayan duk abin da kike yi mana? Shi ya sa na yi ta yabon takalmi. Wata guda ina kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutata, ina jiƙa matashi da hawaye, tana bayan katako tana jina.

Na tarar da Lola tana tsintar shinkafa. Na ce, "Lola, ba ni makulli."

Ta dafe wuya ta ce, "Na me?"

Na ce, "Bargon Tiyay za mu buɗe."

Ta ce, "A wannan zafin? Ke lafiyarki?"

Na ce akwai kwamfuta a ciki. Ta ce ƙarya ne, bargo ne, ita ta ɗaga da hannunta. Na karanta mata takardarki tun daga sama har ƙasa, har wurin da kika kunna famfo. Nan ta ajiye faifan. Tatay ma ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Lola, wai me ya sa ba kya buɗe kayan da take aiko miki?"

Ta ce, "Ita nake jira. Ranar da ta dawo za mu zauna ni da ita mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta gaya mini inda ta sayi kowanne. In na buɗe ni kaɗai, wa zai ba ni labarinsu?"

Ban taɓa sanin haka ba, Tiyay. Mu duk mun ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Tatay ya juya baya wai hayaƙi ya shiga idonsa, alhali ba a hura wuta ba.

Sai ta ciro makullin da kanta. Ta ce, "Wannan ɗaya dai, tunda na makaranta ne." Ta ƙi yarda a sa wuƙa, da farce ta ɓare salatif ɗin a hankali, ni kuwa kamar in fizge. Ta warware ninki na farko, na biyu, sai ga ta. Lola ta ɗauke ta da hannu biyu ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, ki zana wa Petring gida mai bene." Kin ga, yadda kika so haka ya faru, wata guda ne kawai ya makara.

Wa ya ce miki ba ta da kyau? Baƙa ce mai sheƙi, ta shige jakarta daidai. Na danna, ta kawo haske nan take, bayan duk zaman jirgi da na kabad. Ranar ba wuta tun safe, amma na yi ta aiki da ita har kaji suka shiga akurki. Washegari na tsallaka na yi rajista, ana saura kaɗan a rufe. Wani ɗan ajin gaba ya sa mini manhajar zane, ya jujjuya gini a fuskarta, ya ce wa ya zaɓa mini, injiniya ne? Na ce Tiyay ɗita ce, da tafin hannu da kwanon shinkafa. 'Yar azurfar ƙawata kuwa yanzu sai an ɗora ta a kan murfin kwalba ana yi mata fifita.

Na je wurin masu mangwaro na ba su haƙuri. Ke ma ki yi haƙuri da kukan da na sa ki. Ina son ki, Tiyay, ba don kwamfuta ba.

Lola ta ce in rubuta miki bargon yana da laushi. Wannan karon na yarda, don ga ta nan a zaune ta lulluɓa da shi, rana tsaka, gumi yana tsiyaya, ta ce kowa ya ƙyale ta.

Taki har kullum,
Doray

*

Hong Kong, ƙarshen Nuwamba

Inday Doray, 'yata, mai zanen gidana,

Lafiyata ƙalau, bayan ma ya yi sauƙi, ina jin dariya ce ta warware shi. Na karanta wa majalisa takardarki. Manang Belen ta yi dariya har ta kwanta a kwali, ta ce da na sayi mai fitilu da kun hango haskenta ta ramin makulli. Da na kai maganar Lolarki kuwa dariya ta ɗauke. Mata goma masu baki, kowacce ta sunkuya tana neman hankici a jaka.

Benen nan ki sa masa matakala marasa tsayi saboda gwiwar Lolarki. Ki riƙa sa kwamfutar a jaka kafin ki hau ruwa, kada kuma ki ba kowa aro.

Yanzu ki matsa kusa da kunnenta mai ji, ki ɗaga murya, wannan nata ne.

Nanay, Petring ce. Ki cire bargon nan kafin ki narke. Na yi magana da Madam, na ce bana ba zan karɓi kuɗi a madadin hutu ba, hutun nake so. Na riga na sayi tikiti, da ni za a yi Kirsimeti. Ba kwali wannan karon, ni kaɗai ce da 'yar jakata. Ki tanadi makulli da tabarma. Da tawul ɗin nan za mu fara, har yanzu ina tuna shagon da na saye shi.

'Yarki,
Petring